A Gaishe da Masu Ba Mu Dariya da Araha

A gaishe da masu shirya mana wasan barkwanci a talabijin, Allah ya ƙara basira. Sun gano abin da marubuta suka daɗe suna lalube, wato dariyar da ba ta buƙatar labari. A samo wada, a zura masa babbar riga tana sharar ƙasa, a haɗa shi da zabgegiyar mata, sannan a ɗauke shi cak a dire kan tebur yana wutsil-wutsil da ƙafa. Shi ke nan, fim ya haɗu, ko sisi ba a ba marubuci ba. Wannan ai tattali ne.

Kuma ba su yi masa rowar matsayi ba. In bai fito a yaro mai ƙiriniya ba, zai fito a aljani, ko yaron boka mai riƙon ƙwarya. Likita ko alƙali fa? Haba, kujerun sun yi masa tsawo. 'Yan Kudu ma sun nuna hanya: a fim ɗin Aki na Ukwa na 2002, Chinedu Ikedieze, haifaffen 1977, ya fito a ɗan yaro tare da Osita Iheme, aka yi shekaru ana mayar da su cikin gajeren wando, duk da gwanintar da kowa ya shaida musu. Turawa ne ba su san ciwon kuɗi ba. Suka sami Peter Dinklage, shi ma wada ne, suka ba shi matsayin mashawarcin sarakuna a Game of Thrones, har ya ci lambar Emmy sau 4. A hannun namu gwanayen, da tuni an cusa shi a buhu an yi ta ƙyaƙyatawa.

Sun kuma hutar da mu wahalar riƙe suna. Uba ya yanka rago, liman ya raɗa suna, mu kuwa sai "Guntu" da "Ɗan tsurut" da "kai wada", ba Wadan yalwar arziki ba.

Tarbiyyar ta kai har layinmu. Akwai wani tela wada, magidanci mai 'ya'ya uku, da yara ke bi a baya suna kwaikwayon tafiyarsa, daidai yadda suka gani a akwati. Rannan wani saurayi ya sa hannu zai ɗaga shi, abokinsa na ɗauka a waya. Telan ya ajiye almakashi, ya ce, "Yaro, na haife ka." Dubi rashin sanin raha!

Kada a kula likitoci, masu ɓata wasa ne. Wai mafi yawan wannan gajarta canji ne a ƙwayar halitta da ke taƙaita tsawon ƙashin hannu da ƙafa, ba ya taɓa hankali, kuma kusan 8 cikin 10 na masu ita iyayensu masu tsayi ne kamar kowa. Ka ci gaba da dariyarka, mai karatu. Sai dai ka tanadi kaɗan, domin jarumin fim na gaba yana iya fitowa daga ɗakin matarka.