Kakan Kowa Ne Ya Riƙe wa Magaji Doki

Duk wanda ya taso daga Abuja ya tsallake cunkoson Mararaba da Masaka ya iso Keffi da ransa, ruwan sanyi yake nema, ba tarihi ba. Sai dai tarihin garin nan ba ya jiran a neme shi. Ɗaga kai kawai za ka yi, ka ga dutsen da ake kira da sunan Maloni.

Kyaftin Maloni Razdan ne na Turawan Ingila, wanda Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe a watan Oktoba na 1902. Magaji ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Gwamna Lugga kuwa faɗuwa ta zo masa daidai da zama, a 1903 sojojinsa suka ci Kano. Ka ji baƙo da sa'a: Maloni ya zo mulkin mallaka bai daɗe ba, amma ya mallake dutse sukutum fiye da shekara ɗari, ba haya, ba takardar fili.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. Sauran bayanin yana teburin mai shayi.

Na zauna can da safe, na yi kuskuren tambayar labarin. Wani dattijo ya ajiye kofinsa, ya gyara hula.

"Yaro, ka zo inda ya dace. Kakana ne ya riƙe wa Magaji linzami ran nan."

Na kusa da shi ya yi tsaki. "Haba Malam! Kakanka ai yana gona. Nawa ne ya ɗaura sirdi."

Kafin burodina ya jiƙa a shayi, na ƙirga kakanni bakwai a jikin doki ɗaya. Ɗaya ya ba shi dusa, ɗaya ya kore masa ƙuda. Har wani ɗan acaɓa da a ganina bai fi wata uku a garin ba ya saka nasa kakan a layi. Abin da na kasa samu shi ne jikan wanda ya ruga ya ɓuya a rumbu, alhali ranar da Bature ya faɗi, na tabbata rumbunan garin sun yi baƙi. Da alama matsorata ba su haihu ba.

Na ce, "To Baba, a wace shekara aka yi?"

"Ai an daɗe."

"Kun taɓa hawa dutsen?"

Suka dube ni kamar na zagi wani. "Mu hau mu ɗauko me? Wannan ai aikin ɗaliban jami'a ne, su hau su yi hoto su sa a Facebook."

Haka muke. Ka tambayi mutum ko ya san Abdu Zanga ne ya kafa garin, sai ya ce ai ɗan'uwan kakarsa ne.

Da na tashi biya, na roƙi ragi saboda ni baƙo ne. Mai shayi ya rantse ba zai rage ko sisi ba, don shi ma ko anini bai ci a kaina ba. An daina kashe sisi tun zuwan naira a 1973, shi kuwa da ƙyar ya kai talatin. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin anini.

Ya ce a'a, amma kakansa ne ya huda shi.