Mazhabar Sai Baɗi

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa Bahaushen wannan zamani, waɗanda bai cika tunawa ya gode a kansu ba, akwai cewa shi ba sabuwar shekara ɗaya gare shi ba, biyu gare shi cur: ga ta Hijira, wadda aka kafa lissafinta a zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ga kuma ta Miladiyya, wadda ta samu gindin zama a ƙasarmu bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, ta kuwa zauna daram saboda da ita ake biyan albashi. To, da yake shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza 'yar'uwarta da wajen kwana 11, sai ya zamana kullum tana matsowa baya, har ma a cikin 2008 watan Muharram ya kama sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, abin da ya ba ma'abota ƙulla niyya damar tuba sau uku cikin shekara guda ba tare da sun rabu da ko ɗaya daga cikin halayensu ba.

Idan Disamba ta raba tsakiya, hazo ya sauko, leɓɓa suka fara tsagewa, sai ka ga wata irin natsuwa ta sauko wa mutuminmu, ya tafi kantin littattafai ya sayi littafin rubutu mai bangon fata da alƙalami sabo, domin a ganinsa tsohon alƙalami bai cancanci rubuta sabuwar rayuwa ba, sa'an nan ya kori yara daga falo, ya zauna ya jera abubuwan da zai aikata: zai bar sigari, zai rage tuwon dare saboda tumbin da ya fara hana shi ganin yatsun ƙafarsa, zai riƙa sauke Alƙur'ani duk wata, izu biyu kullum, zai koyi Larabci har ya daina jiran mai fassara, zai tara kuɗin fili, zai biya duk wanda ke binsa bashi, zai kuma riƙa fita gudu bayan sallar asuba. Wallahi da za ka karanta wannan shafi ba ka san mai shi ba, da sai ka nemi a kai ka wurinsa ya yi maka addu'a. Ran 1 ga Janairu, da yake hutu ne, ya sa takalmin kambas fari fat da ya saya musamman, ya kewaya unguwa sau ɗaya yana haki, yana gaisawa da mutane da ƙarfi don kada wani ya ce bai gan shi ba. Kashegari ƙafafu suka yi tsami. Ran 3 ga wata ya leƙa waje ya ji iskar hunturu tana kaɗawa, sai ya tuna cewa jiki amana ne, kuma jefa kai cikin halaka abin hani ne, ya koma ya ja bargo.

Daga nan ne fa malantar mutuminmu take bayyana, gama babu wani uzuri da zai kawo face ya samo masa madogara mai ƙarfi. A 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa kusa da farkon shekara, hunturu na wucewa sai ya ce ai ga Ramadan nan ya ƙarato, wata ne mai albarka, a cikinsa ya kamata a fara kowane alheri. Azumi ya kama, goman marmari aka gan shi a sahun farko wajen asham, riƙe da Alƙur'ani, ya ci izu takwas a kwana uku. Goman wuya aka gan shi a sahu na ƙarshe kusa da takalma. Goman ɗokin salla kuwa aka gan shi a shagon tela yana rantsuwa. Daga nan komai ya koma sai bayan salla. Bayan salla bazara ta buɗe wuta, wa zai yi gudu cikin wannan zafi in ba mai neman ajalinsa ba? Kuɗin fili kuma ragon layya ya cinye su, kuma ba mai iya cewa an yi asara. Sai ga Muharram, mutuminmu ya yi hamdala, ya ce dama wancan lissafi na Nasara ne shi ya sa bai yi albarka ba, yanzu ne shekararmu ta gaskiya ta kama, ya buɗe sabon shafi ya sake rubuta maganar rage ciki da babban baƙi. Kwana tara tsakani sai ga daren cika-ciki, aka sauke tukunya da naman layyar da aka adana, uwargida ta ce, "Maigida, in rage maka ne, tunda ka ce ka fara kiyaye ciki?" Ya dube ta da mamaki ya ce, "Haba, ke kuwa! Al'adar iyaye da kakanni ce za mu yar a kan wani ɗan rubutu? Ƙaro miya." Takalmin kambas kuwa, kafin damina ta tsaya, ƙanin uwargidan ne ke zuwa makaranta da shi.

Akwai kuma wata jama'a da ba ta da aiki a ƙarshen Disamba sai tsawata wa masu murnar sabuwar shekara, suna cewa wannan ba tamu ba ce, mu tamu tana nan tafe. Magana ce mai kan gado, ba na jayayya da ita. Abin da dai na lura shi ne, idan ka tare ɗaya daga cikinsu a tsakiyar watan Rajab, wanda tsofaffinmu ke azumta, ka tambaye shi yau nawa ga wata, kuma shekara ta nawa muke ciki daga Hijira, sai ya yi gyaran murya, ya laluba aljihu ya ciro waya.

Amma babban abin da ya daɗa wa mazhabar Sai Baɗi ƙarfi a zamaninmu shi ne bayyanar wasu sababbin shaihunai, masu laccar ƙarfafa gwiwa, waɗanda ba a zaure suke karantarwa ba, sai a ɗakin taro na otal mai na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba a shiga majalisinsu sai da kuɗin rajista. Shaihin zai fito cikin kwat ko shadda mai maiƙo, da makirfo maƙale a kunne, ya yi ta kai da komo yana shaida wa jama'a cewa talauci ba a aljihu yake ba, a cikin kai yake, kuma da zarar mutum ya sauya tunaninsa, ya ɗauki kansa attajiri, ya rubuta burinsa a takarda ya manna a bangon ɗaki yana kallo safe da yamma, to, arziki ba shi da zaɓi sai ya biyo shi har gida. Jama'a su yi ta tafi, wasu har da ƙwalla. Sa'an nan ya yi ƙasa da murya, kamar mai shirin ba da laƙani, ya ce zai tona musu asirin manyan masu kuɗin Amurka, wato tashi da ƙarfe biyar na asuba. Nan take alƙaluma su hau aiki, kowa na rubutawa, alhali kuwa ladanin unguwarsu ya fi shekara ashirin yana kiransu ga wannan asiri kullum, da lasifika, kyauta, ba su taɓa rubutawa ba balle su amsa. Na ga wani saurayi da ya biya rajistar da kuɗin motarsa, ya fito taron fuska na sheƙi, ya taka da ƙafa tun daga cikin gari har unguwarsu yana tunani irin na attajirai. Iyakar wanda na tabbata shekararsa ta sauya a sanadin wannan majalisi shi ne mai laccar, domin da watan ya zagayo na gan shi da sabuwar mota.

Kada mai karatu ya zaci ina raina niyya ne, ko ina musun cewa abin da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa yana da tasiri ga aikinsa. Ina ni ina wannan ƙarfin hali, alhali da hadisin niyya Imamu Buhari ya buɗe littafinsa, da shi kuma Imamu Nawawi ya buɗe Arba'una? Sai dai duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin zaure, ya ɗan taɓa Ahalari ko Ishmawi, ya san cewa malamanmu na fiƙihu ba su taɓa sakin niyya ta yi yawo ita kaɗai ba, kullum ɗaure take da aikinta: niyyar alwala tana tare da fara wanki, niyyar salla tana tare da kabbarar harama, kuma mutumin da ya zauna gaban buta tun hantsi yana ƙudurta alwala, yana sake ƙudurtawa, yana ba maƙwabta labarin irin alwalar da zai yi, bai taɓa ruwa ba har rana ta faɗi, babu malamin da zai ba shi fatawar ya ja salla. Gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya niyya ɗaya a daren farko tana isar wa mai azumin Ramadan har ƙarshen wata, amma da sharaɗin gari ya waye masa yana kame da bakinsa kowace rana. 'Yan Sai Baɗi sun karɓi rangwamen, sun yar da sharaɗin, kana suka yi ƙiyasi suka shimfiɗa shi a kan wata goma sha biyu.

Wani reshe na mazhabar Sai Baɗi kuma ba ya wahalar da kansa da littafi ko takalmi, shi a Facebook da WhatsApp yake tuba. Daren 31 ga Disamba sai ka ga sanarwa tana bin sanarwa, kowa na shelar cewa a shekara mai kamawa zai yanke hulɗa da munafukai da mahassada da masu cin amana, kuma duk wanda ya ga an daina ɗaga wayarsa kada ya tambayi dalili. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, gari guda kowa yana gudun munafukai, ban taɓa cin karo da wanda ya rubuta cewa shi ne munafukin, bana zai daina ba. Ashe dai mahassadan nan duka a wani gari suke zaune. Irin wannan ƙuduri yana da daɗin ɗauka, domin gyaran da ke cikinsa duka a wuyan wasu yake. Haka wani magidanci ya tara iyalinsa ran 1 ga wata ya karanta musu dokokin tsimi na sabuwar shekara, an rage kuɗin cefane, an hana barin fitila a kunne, an soke anko, sa'an nan ya tashi ya tafi majalisa wajen mai shayi, inda aka haɗa masa mai kauri da ƙwai huɗu.

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, gama talaka ba shi ya fara ba. Cikin 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa babban kwamiti ya tsara yadda Nijeriya za ta zama kafin 2010. Da shekarar ta ƙarato sai aka ɗaga alkawarin zuwa 2020, aka ce a lokacin za mu shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki a duniya. Da ita ma ta zo ta wuce, ba wanda ya yi fushi, aka sake ɗaura niyya, yanzu maganar tana 2050. Wanda hukumarsa ke ɗaga buri da shekara talatin a zama ɗaya, in ya ɗaga nasa daga ƙaramar salla zuwa babba, ai sai a yaba masa da gaggawa.

A duk unguwa dai mutum ɗaya na sani wanda littafinsa ba ya tsayawa a shafi na uku, shi ne mai shagon bakin layi. Nasa littafin ba bangon fata gare shi ba, duk ya yi baƙi da manja da kananzir, amma ana buɗe shi kowace rana ta Allah, daga Muharram zuwa Zulhajji, daga Janairu zuwa Disamba, kuma a cikinsa ne tarihin mutuminmu na haƙiƙa yake rubuce: sigari kara biyar ran da ya bar sigari, sukari da madara ran da ya fara rage ciki, taliya da man gyaɗa ran da ya karanta wa iyali dokar tsimi. Shi mai shagon bai taɓa halartar lacca ba, bai san ana manna buri a bango ba, burinsa guda ne tak, a biya shi, kuma duk sa'ad da ya yi maganar cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, ga ɗan lissafin nan fa ya yi nauyi," amsar da yake samu ita ce, "Kada ka damu, Malam, yana cikin tsarina na bana, in sha Allahu." Haka ake jingina wa mashi'ar Ubangiji abin da kasala ce ta hana, kamar dai da Allah ya so da kuɗin sun fita daga aljihu da kansu sun taka zuwa shago.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ka kai ƙarshen wannan shafi kana murmushi, kana tuna wani maƙwabcinka da maganar ta dace da shi, kana kuma raya wa ranka cewa lalle daga shekara mai zuwa kai ma za ka daina jinkiri, to, ina sanar da kai cewa mai shagon unguwarku yana buɗewa tun ƙarfe bakwai na safe, ba ya tashi sai bayan lisha, kuma ya ce ko rabi ne a kawo, zai karɓa.