Kawo In Duba Maka

A ƙasar Hausa kaya ba ya mutuwa, sai dai a ce yana jiran gyara. Fankar da ta tsaya tun zamanin mulkin soja tana nan a kan durowa, an lulluɓe ta da tsohon zani, kuma duk wanda ya kira ta matacciya zai sha harara, domin a kowane gida akwai mutum guda da ya yi alkawarin tayar da ita ranar Asabar. Makanikai da masu walda da suka yi shekaru suna wanke sifana a gaban ubangidansu, waɗannan mun cire musu hula. Maganarmu a kan 'yan sa-kai ce, masu sukundireba a aljihun gaba, waɗanda da zarar sun ji an ce abu ya ƙi, sai ka ji: "Kawo in duba maka."

Mafi tsufa a cikinsu shi ne Mai Mari. Kayan aikinsa tafin hannu ne kawai. Rediyo ta yi shiru, mari. Talabijin ta fara tsartuwa ana tsakiyar labarai, mari a gefen dama. Abin haushin shi ne sau da yawa abin yakan tashi, kuma da dalili: dalmar da ke riƙe da ƙafafun kayan ciki takan tsage saboda zafi da sanyi, jijjiga kuma sai ta sake haɗa su na ɗan lokaci. Shi dai a ganinsa rediyon ce mai taurin kai. Zamani ya rage masa kasuwa, don talabijin ta bango ba ta ɗaukar mari ko ɗaya, shi ya sa ya koma kan rimot. Idan duka bai yi ba, sai ya cire batir ya ciza, ya shanya a rana.

Sai Sarkin Kwance, wanda a wurinsa kowace cuta maganinta tiyata. Fankar sama ta rage gudu, sai an tura ta da sanda kafin ta ɗauka. Yaro ɗan koyo ma ya san kafasita ce, ɗan abu mai waya biyu da ake canzawa cikin minti biyar. Sarkin Kwance zai sauke fankar gaba ɗaya, ya shimfiɗa tabarma, ya ware fukafukai, ya buɗe cikinta har ya taɓa kwayil, ya zuba notina a murfin kwano. Daga nan a kira la'asar. Kafin ya dawo kaji sun bi ta kan tabarmar, ƙaramin yaro ya tafi da wani sifirin. Idan Allah ya sa ya mayar, dole a samu ragowar noti uku da wani ɗan ƙarfe da ba wanda ya san mazauninsa. Ba ya ko gezau. "Ai Bature ɓarna gare shi," in ji shi, "noti huɗu sun isa, ya sa bakwai." Fankar da a da take juyawa a hankali, yanzu tana gurnani ba juyi. Garin neman gira an rasa ido, amma shi abin da zai faɗa wa maƙwabta shi ne dama 'yar jabu ce.

Ɗan Ɗaure kuwa ba ya kwance komai, ƙari yake yi. Dukiyarsa tsohon tif na tayar babur da ya yanka sili-sili, da salatif, da sufa gulu. Famfo na yoyo, roba. Madubin babur ya karye, roba. Ƙafar tabarau ta fita, zare da gam. Ya san sirrin zuba ƙasa ko auduga a kan sufa gulu don ya daskare ya yi tauri, kuma ya san zafin da audugar ke ɗauka, don yatsunsa sun sha. A yi masa adalci, robar tif abin girmamawa ce, ta riƙe kayan ƙasar nan fiye da yadda wasu 'yan kwangila suka riƙe. Laifinsa ɗaya: duk ɗaurin da ya yi sai ya ce "na wucin gadi ne, kafin a samo na asali", kuma jikokinsa za su gaji famfon da robarsa.

Kusa da shi akwai Ma'aji, wanda bai taɓa gyara komai ba amma yana da kayan gyaran komai. Matattun caja, ƙonannun ƙwayayen fitila, kan dutsen guga, makullan da ƙofofinsu suka daɗe da zama itacen girki. 'Yan jari-bola sun san gidansa, sun kuma san ba a sayar musu. Ranar da ake neman ƙusa guda, sai a aiki yaro kasuwa, don ba a san buhun da take ciki ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Abokin Wuta. Wutar gida a Najeriya da Nijar ta haura bolt 200, amma shi da bayan yatsa yake gwada waya, ya ce ai ta san shi. Fulogi mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, galibi mai amfiya 13, aikinsa ya ƙone kafin kayan su ƙone. Abokin Wuta yana kallon fis a matsayin ragon ma'aikaci mai yawan ajiye aiki, sai ya naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ko ya sa guntun waya mai kauri. Daga ranar fis ba zai sake ƙonewa ba, firij ne zai ƙone a madadinsa. Shi ne mai zura tsinken ashana a ramin sama na soket don ya cusa waya tsirara a na ƙasa, shi ne mai hawa tsani cikin dare ya canza layi idan nasu ya ɗauke. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, da baki yake hura masa kafireto, da baki yake zuƙo fetur a tiyo. A nan dariyata takan tsaya, musamman idan ya shigar da janareta cikin zaure don gudun ɓarayi: hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma ta sha kashe iyali guda suna barci.

Duk inda aka buɗe bonet, cikin minti biyu Injiniyan Baki zai iso, hannu a baya. Ba ya taɓa komai, don kada farar rigarsa ta ɓaci. "Fulogi ne." Aka duba, lafiya lau. "To ai na faɗa, famfon mai ne." Idan motar ta tashi, shi ya gano, idan ta ƙi, ba a bi shawararsa ba. Sukan zo uku-uku, kuma ba a taɓa samun biyu sun yarda da juna ba.

Amma mai daɗin hira duk cikinsu shi ne Mai Mafarki. Wannan gyara ya yi masa kaɗan, ƙira yake yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya duƙufa kan janareta marar mai: batir zai juya mota, motar ta juya altaneta, altaneta ta cika batir, haka har tashin duniya. Ka ce masa kowane zagaye akwai ƙarfin da ke salwanta ta hanyar zafi da gogayya, don haka abin da ke komawa batir bai kai wanda ya fita ba, sai ya yi murmushin tausayi ya ce haka masu sayar da mai suke so ka ɗauka. Ya nuna wa jama'a sau ɗaya, ƙwan fitila ya kama, aka yi tafi. Da batirin ya ƙare, sai ya ce saura ɗan gyara kaɗan, da tallafin gwamnati.

Ina yi masa dariya da rabin baki ne kawai, don daga cikin irinsa ake samun na gaske. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota da tarkacen ƙarafa. Tashinsa bai wuce ƙafa 7 ba, amma ya tashi, kuma masu yi masa dariya ko taku ɗaya ba su bar ƙasa ba. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na tsotsewa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki, sai gautan da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ka shiga Panteka a Kaduna ka ga injin niƙa da na ɓarzar masara da aka ƙera daga ƙarfen da wani ya zubar. Ko fitilar nan da aka yi wa laƙabi da "Obasanjo ya kasa", ɗan akwatin katako da batura da faifan CD da ƙananan ƙwayaye, wani mai karambani ne ya fara haɗa ta, ta haska teburan masu shayi da masu tsire shekara da shekaru. Bambancinsu da mai janareta marar mai shi ne su sun yarda da abin da gwaji ya nuna a gaban kowa, ko da batir ya ƙare.

Akwai kuma wadda ba a lissafa ta, Uwargida. Ba ta da sukundireba, da bakin wuƙa take kwance noti. Ita ke canza lagwanin risho, ta daidaita zaren keken ɗinki, ta gane dutsen guga wayarsa ce ta tsinke daga wuya. Bokitin roba ya tsage, maigida ya ƙarar da gam biyu a banza, don sufa gulu ba ya kama irin wannan robar. Ita sai ta sa tsohuwar wuƙa a wuta, ta narka guntun wata robar a kan tsagar, bokiti ya koma bakin aiki. Idan maigida ya dawo ya tarar rediyon da ya bari a warwatse tana magana, sai ya ce: "Kin gani ko? Dama na ce hutawa take so." Ta ce: "Haka ne, Malam."

Ƙarshen yawancin kayan nan dai shagon mai gyara ne na gaskiya, a kasuwar Farm Centre ta Kano idan waya ce, a bakin kasuwa idan fanka ce. A nan ake haɗuwa da na ƙarshe, Mai Rantsuwa, wanda galibi ɗaya ne daga cikin waɗanda muka lissafa, ya canza riga. Ya iso da kayan a leda, suna ƙara.

"Alhaji, wa ya taɓa wannan?"

"Wallahi ba wanda ya taɓa, haka kawai ta tsaya."

Mai gyara ya buɗe, ya zazzage ƙwayoyin shinkafa daga ramin caji, ya ɓamɓare gam daga bakin sikirin, ya ɗaga kai.

"Da tun farko ka kawo, dubu biyu ne. Yanzu kam dubu bakwai, Alhaji: biyu na gyara, biyar na wanda bai taɓa ba."