Masu Taya Ka Sayen Mota

A Zuru ba a sayen mota a ɓoye. Ka faɗa wa mutum ɗaya bayan la'asar cewa kana neman 'yar ƙaramar atomatik ta hannu, marar shan mai, kuma kuɗinka ba su taka kara sun karya ba. Kafin isha'i labari ya kai Dabai, washegari ka tashi da mashawarta fiye da kuɗi.

Mai fara sallama shi ne Masani. Bai taɓa mallakar mota ba, babur ɗin da yake hawa ma na ƙanensa ne, amma babu injin da bai sani ba. Shi zai raka ka Kontagora ko Sakkwato, kuɗin motarsa da na abincinsa duk a wuyanka. Da an isa wurin dillalai sai ya naɗe hannun riga. Ya shuri taya, ya ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa, ya kara kunne. Ya sa a buɗe bonet, ya zaro sandar gwada mai, ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce, "Uhm." Wannan "uhm" ita ce jarinsa. Ka tambaye shi me ya gani, ya ce, "Bari dai Malam, ba a gaban mutane ba." Abin da ya sa ba a iya korarsa shi ne rabin maganarsa gaskiya ce: man giyar atomatik mai lafiya ja-ja yake, in ya yi baƙi yana ƙauri to a kama gaba. Sai dai sandar da ya zaro ta baƙin man inji ce. Corolla, ya ce ɓarayi sun fi sonta. Honda, ya ce ƙafa za ta kashe ka a hanyar Rijau. Peugeot 206, ya ce giyarta ta atomatik ba ta da amana, nan kam har bakanike ya gyaɗa kai. Pontiac Vibe kuwa ya rantse ba za a sami kayanta a ƙasar nan ba, alhali tagwaye suke da Toyota Matrix, injinsu ɗaya. Rana ta faɗi ba ka sayi ko madubi ba. A hanyar dawowa yana cin tsiren da ka saya, yana cewa, "Yau ka gode wa Allah da ka zo da ni."

Sai tsohon soja, wanda garin nan ba ya rasawa. A wurinsa an daina ƙera mota tun daga Peugeot 504. "Atomatik motar malalata ce, yaro. Batir ya mutu maka a hanyar Ribah, wa zai tura ta ta tashi?" Gaskiyarsa, ba a tayar da ita da turi. Amma gwiwarsa ta hagu ta sallami kuloci tun tuni, jikansa ke tuƙa shi.

Akwai mai tarihin farashi, wanda ba ya da abin faɗa sai, "Ai da ka saya kafin Mayun 2023." Kowa ya sani an cire tallafin mai, naira ta zube, masu manyan motoci suka dawo suna rububin ƙanana. Shi ma bai saya ba a lokacin. Akwai bakaniken da ke cewa, "Sayo ta kawai, ni ne likitanta," ba ya ganin cewa mai lafiya ba ya neman likita tun kafin ya iso gida. Akwai kuma ƙanen matarka, wanda ya riga ya yi wa abokinsa alƙawarin ɗaukar amarya da motar da ba a saya ba.

Dillali mai labari yana burge ni. Kowace mota a hannunsa mace ce ta hau ta. In ya ga hula a kanka, wata Hajiya ce, daga gida sai asibiti. In ya ji sunanka Bitrus, matar fasto ce, ranar Lahadi kawai take fita. Kujerar direba ta lotsa, robar birki ta suɗe har ƙarfe ya leƙo, amma agogo na nuna tafiyar da ba ta kai ta kabu-kabu a wata shida ba. A yi dariya, a rage masa la'ada, a rabu lafiya.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai rufa-rufa. Shi ne ke cire ƙwan fitilar da ke nuna ciwon inji, ya liƙe sitiyarin da jakar iskarsa ta riga ta fashe, ya kwashe "indomi", wato matatar hayaƙi, daga salansa ya sayar daban, ya tayar da mota tun asuba don ka same ta da zafi, kada ka ji ƙarar da take yi da sanyi. Ya san tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma ya miƙa maka takardun kwastam na bogi yana ambaton Allah. Wanda ake cuta kuwa malamin firamare ne ko ma'aikaciyar jinya da ta yi adashi ta haɗa da bashi, za ta ɗora 'ya'yanta a baya ta kama hanyar Mahuta zuwa Koko. Ka ce a murɗa makulli a ga fitilu duka sun kama kafin inji ya tashi, ko a kira mai kwamfuta ya duba, nan take ransa ya ɓaci, wai ba ka yarda da shi ba. To, ban yarda ba.

Saura mai neman da ba ya saye. Ya san farashin kowace Corolla daga nan har Kaduna, wayarsa cike da hotunan motocin mutane, duk sanda ya tara kuɗi farashi ya ƙara gaba. Mai golmo ya fi shi, don shi bayan shekara bakwai a gonar surukai ana ba shi matarsa. Dillalai sun daina tashi in sun hango shi. Wani ma da na wuce jiya ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam, wadda ka gani bara an sayar, yau ma kallo ne?"