Giyar ƙanena ta yi zafi a hanyar Buza

Liman, a mayar da carbi aljihu, ba giyar kwalba nake nufi ba. Giyar mota ce. Na fara da wannan ne domin na san halin masu karatuna na Madawa: kafin mutum ya kai layi na biyu sun riga sun kai ƙararsa gida.

Ƙanena ya shekara bakwai yana ci-rani a Abijan, kamar rabin samarin Adar. Sauran sun dawo da kuɗin kwano da na aure, shi kuwa ya dawo da wata jar mota mai ƙofa biyu, mai kujera biyu da rabi, cikinta na goga ƙasa kamar agwagwa. Ba ta da kuloci, giyarta otomatik ce, mai canza kanta. A kan kwaltar Ƙonni zuwa Maraɗi babu mai shan gabanta, yaran tasha har tafa mata suke yi. Sai ga bikin wani ɗan'uwanmu a wani ƙauye bayan Buza, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura 43 a ma'auni. Muka shiga mu huɗu, da buhun albasa a baya don gudummawa.

Mun ratsa kwarin Majiya lafiya. Da muka bar babbar hanya muka kama tsakuwa da hawa, sai na ji injin na kururuwa, mota kuwa na tafiyar hawainiya. Can wani ƙauri ya taso, irin na ƙanzo idan tuwo ya kama. Muka tsaya gindin wata ƙaya. Ƙanena ya buɗe gaba ya duba ruwa, ruwa cike. Allurar zafi ma ba ta kai ja ba. Ya dube ni, ya ce: "Yaya, wallahi hannu aka sa mata."

Ba hannu ba ne. Da muka lallaɓo gida, bakanikenmu ya zaro sandar awon man giya ya shafa a farar takarda. Man da ya kamata ya fito ja kamar zoɓo, sai ga shi kamar shayin da aka dafa sau uku. Ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Alhaji ƙarami, bwat ɗin giyarka ta dahu. Allah ya so ka ba ta ƙone ba." Ya canza man, sannan ya ce a ƙara mata ɗan ƙaramin lagireto na man giya kaɗai, wanda faɗinsa bai wuce allon ɗan makaranta ba.

Nan fa majalisa ta samu abin yi, kuma na san ku ma kuna cikinta. Ga mai cewa Baturen da ya ƙera motar ya fi bakaniken Madawa sani, da tana buƙata da ya sa. Ga mai cewa shekara talatin yana jan Peugeot 504 tsakanin Tamaske da Tawa bai taɓa jin giya ta yi zazzaɓi ba. Kawunmu kuwa, wanda ko keke ya saya sai ya kwana uku yana ciniki, cewa ya yi: "Wanga dabarar cin kuɗi ce. Gobe za su ce a sa wa taya fanka."

To Kawu, gyara zama.

A motarka ta da, tsakanin inji da giya faifan kuloci ne: ka ɗaga ƙafa, ƙarfe ya kama ƙarfe, an gama. A otomatik kuwa wata rufaffiyar ƙwaryar ƙarfe ce cike da mai, da fukafukai iri biyu suna fuskantar juna a ciki. Inji na juya ɗaya, shi kuma ya watsa mai ya tura ɗayan. Wato mai ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa taya. Idan mota ta miƙe a kwalta tana gudu, ɓangarorin biyu kusan tare suke juyawa, a motocin zamani ma har kulle su ake yi su zama ɗaya, zafi kaɗan ne. Amma a hawa, ko cikin yashin korama, ko da lodi, inji na gudu taya na jan ƙafa, sai man ya yi ta dakuwa a tsakani. Duk ƙarfin da bai isa taya ba zafi yake komawa. Wanda ya taɓa murza igiyar guga da sauri a tafin hannu ya san zancen.

Man giya ya fi son zama wajen 80 a ma'aunin zafi. Idan ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, ya tsinke, robobin da ke riƙe shi su bushe su yi tauri, faya-fayan da ke cikin akwatin su fara sulɓi. Sulɓin kuma ya ƙara zafi, zafin ya ƙara sulɓi. Masu sana'ar suna da wani lissafi na kan yatsa: duk ƙarin kusan 10 a kan 80 yana raba kwanan man gida biyu. Kuma allurar da kuke zuba wa ido a gaban direba, a yawancin motoci, zafin ruwan inji take faɗi. Giya na can tana dahuwa, ita ko a jikinta.

Mai cewa Bature ya fi mu sani, ka yi gaskiya rabi. Ya sa mata abin sanyayawa. A yawancin motoci wani ɗan bututu ne da ke ratsa cikin tankin lagireton inji, man giya ya bi ta ciki ya ba ruwa zafinsa. Dabara ce mai kyau a ƙasar da ake sa rigar sanyi wata shida. Amma ruwan injin nan da kansa yana wajen 90. Ka ɗora masa ranar Afrilu, da hawan dutsen Adar, da ƙatti huɗu da buhun albasa, sai ya zama mai zazzaɓi ne ke jinyar mai zazzaɓi. Motocin da suka iso mana ta tashar Kwatano ko ta Lome, yawancinsu don titunan Beljiyam da Jamus aka shirya su, kuma sun riga sun ci rabin kwanansu kafin su ga Gobir.

Shi ma Baturen yakan yi tuntuɓe. A Amurka, wasu daga cikin motocin Ford Mustang Shelby GT350 na 2016 sun fito babu abin sanyaya man giya. Masu su suka kai su filin tsere, giya ta yi zafi, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi don kada ta lalace, mutum na cikin gudu sai ya ga ana wuce shi. A 2017 suka maka kamfanin a kotu, kuma samfurin 2017 duka da abin sanyayawar ya fito. Wannan fa mota ce mai kuloci, a ƙasar da ba ta san Afrilun Buza ba. Su ma ƴan tseren Paris-Dakar, da suka fara ratsa Agadas tun 1979, a zamaninsu ba da motar kanti suke shigowa hamada ba. Sai an sake mata shiri, kuma sanyaya mai na kan gaba a shirin.

Za ku ce ai mu ba tsere muke yi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni dariya. Ɗan tsere awa ɗaya ko biyu yake gasa motarsa, iska na dukan ta da ƙarfi, sannan ya miƙa ta ga mutum goma su lallashe ta. Ɗan Keita da ya sayi otomatik yana jigilar ƴan kasuwa zuwa Garhanga ko Ibohaman, yini guda yake gasa tasa a hankali, babu iskar kirki, an danna mutum tara inda aka rubuta biyar, ga akuya a but. Ta fuskar man giya, direban kasuwar nan ya fi ɗan tsere zalunci. Kowace otomatik a Adar motar tsere ce, gudun ne kawai babu.

Kuma ku da ke cewa kada a taɓa abin da Bature ya ƙera, ba ku ne mota na isowa kuke sa a cire mata makullin ruwan nan da ke daidaita zafin inji ba, wai na ƙasar sanyi ne? Ba ku ne ke haɗa fanka kai-tsaye da makunni ba? Cirewa halal, ƙarawa bidi'a. Na tabbata ranar da aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska, akwai kakan ɗayanku a gefe yana cewa ba za su kai baɗi ba. Da aka fara aikin Keita a 1984, mata na jera duwatsu a kan fako don tare ruwa, ƙanensa ne ya karɓi aikin musun. Yau jikokinsu a inuwar suke zama suna musun lagireto.

Amma kada in cika baki, akwai inda kuka ci ni. Tsohuwar 504 ba ta buƙata, haka Hiace da Hilux masu kuloci. Su man kirki kawai suke so. Akwatin da ya riga ya fara sulɓi kuma, ko lagireto goma ka jera masa ba zai tashi ba, sai gyara. Abu mafi muni, aikin ganganci ya fi rashin yin sa. Na tsaya a kan bakaniken ina kallo ranar da ya yi namu. Ya ɗaure ɗan lagireton a can gaba inda iska ke fara duka. Ya bi bututun da ke mayar da mai daga babban lagireto zuwa giya, ya tsinka shi a nan, ta yadda man zai bi tsohuwar hanyarsa tukuna, ya shiga sabuwar, sannan ya koma gida. Yaronsa ya miƙo masa wani tiyo, ya jefar: na ruwa ne, man giya mai zafi zai cinye shi. Ya sa na mai, ya ɗaure kowane baki da zoben ƙarfe, ya nisanta shi daga salansa da duk wani kaifi. Idan tiyon nan ya fice a hanya, cikin ƴan mintoci man zai tsiyaye tas, mota ta tsaya cik, ga mai a kan ƙarfe mai zafi. Ya ƙara mai, don sabon wurin ma yana shan nasa, irin wanda littafin motar ya ce, ba wanda ya fi araha a kanti ba. Ya auna inji na aiki, mota a daidai. Ya ce wa ƙanena duk bayan hunturu ya hure ƙura da ƙaiƙayin da ke toshe fukafukan, kuma idan ya zo hawa ko yashi ya daina barin ta a D, ya sauko da ita 2 ko L.

Kuɗin duka bai kama ƙafar kuɗin akwatin giya na hannu ba, wanda sai an aika Maraɗi ko Kano, a jira, a kuma yi addu'ar kada a aiko da gawa.

Bayan sallah muka koma ƙauyen nan, da rana tsaka, da gangan. Ta hau tudun da ya kayar da ita ba ko tari. Ƙanena ya fara waƙa. Muka gangaro wata korama, yashi ya yi laushi, cikinta ya zauna daram, tayoyi na juyawa a banza. Sai da wani mai amalanke ya kwance shanunsa biyu ya ja mu, yara na bin mu da ihu. Da muka fita na zaro sandar awo na shafa a hannun rigata. Ja wur, kamar zoɓo.

Labarin shanun ya riga mu isa Madawa. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka maimaita masa sau uku. Da majalisa ta watse ya ja ni gefe, ya rage murya. Ashe ɗansa ya aiko masa da Corolla daga Kwatano, kuma ba ta da kuloci.

"Wanga ɗan allon naku," in ji shi, "nawa yaron ya ce?"