Iskar da Na Samo wa Dangi a Hanyar Riruwai

Duk wanda ya ƙera bas ɗin nan bai san ƙarshen bazara a Kano ba. Tsohuwa ce 'yar Baljiyam, tagoginta gilas ne liƙaƙƙe wanda ba ya zugewa, domin da na'urar sanyi aka yi ta, na'urar kuwa ta riga mu gidan gaskiya tun a Turai. Ita dangi suka ɗauko shata don ɗaurin auren ɗan Kawu a Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Kafin mu fita daga ƙasar Bebeji kowa ya yi sharkaf, manyan riguna sun liƙe a jiki, ana fifita da katin gayyata.

Muna karya kwana a Kwanar Dangora na ɗaga kai, na hango murfi a tsakiyar rufin, an ɗaure shi tamau da robar tsohon tif.

"Yallaɓai, a bar wannan yadda aka gan shi," in ji yaron mota.

Yaro bai san da wa yake magana ba. Na san irin murfin nan sarai. Shi ake sa wa manyan bas-bas, da ɗakunan kwana masu taya da Turawa ke ja a bayan mota in za su yawon hutu. Akwai mai hannun murɗawa, irin na gilashin tsohuwar Fijo 504 ta Kaduna. Namu na turawa ne: mariƙi biyu, gaba da baya, kowanne a jikin ɗan ƙarfe mai gwiwa da sifirin. In ka fara turawa sifirin zai yi ta gardama da kai, sai gwiwar ta wuce tsakiya, nan take ya juya ya zama naka, ya cilla murfin sama ya riƙe. Haka in za a rufe: ka ja har ka wuce tsakiya, ya ƙwace, ya datse a kan robar bakin kamar tarkon ɓera. Ka ɗaga baya, ya zuƙe zafin ciki ya fitar. Ka ɗaga gaba, ya kamfato iskar hanya ya zubo muku.

Duk wannan bayani na yi wa jama'a ina tsaye a kan hannun kujera, ina kwance roba. Na tura gaba. Ƙarfe ya yi ƙara, tsatsa ta zubo mini a ido, sannan fau! Iska ta shigo ta tafi da hular Kawu har kujerar baya, amma ba wanda ya yi fushi. "Allah ya yi maka albarka, Injiniya," in ji Kawu. Har goro aka miƙo mini. Daga nan zuwa Tudun Wada ba a yi sarauta a motar nan ba sai tawa.

Abin da ba a sa a lissafi ba shi ne kudancin Kano yana riga birni samun ruwa. Muna shiga dajin Falgore gabas ta haɗe. Murfin da ke kamfato iska bai san bambancin iska da ruwa ba. Ruwan da ya kamata ya gangara kogin Kano ya tafi madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, sai ga shi yana sauka a cinyar liman.

"Injiniya, rufe!"

Na kama mariƙi na ja. Ko gezau. Na rataya da dukan nauyina, ƙafafu na lilo, shiru. Sifirin da ya shekara bai motsa ba ya samu 'yanci, ya ƙi komawa. Wani ƙanen amarya, ƙato, mai ganin duk matsalar duniya rashin ƙarfi ce, ya taso ya ture ni. A tsakiyar murfin akwai wani jan hannu da rubutun Turawa a gefensa. Wannan ba na shan iska ba ne, na ranar hatsari ne: in an murɗa shi yana sakin ƙugiyoyin gaba ɗaya don mutane su fita ta sama. Ina buɗe baki in faɗa, ya murɗa.

Murfi ya tashi. Allah ya sa hannuna na kan mariƙi, na cafke.

Direba ya rantse ba zai tsaya a tsakiyar Falgore ba ko da rufin ne duka ya tafi, kuma ba wanda ya musa masa. Haka na ratsa dajin a tsaye, hannu biyu sama, ina riƙe da murfi, iska na ja ina ja, ruwa na bin hannun riga yana fita ta ƙafar wando. Ƙanen amarya ya rungume ƙuguna kada in tashi sama. Shaddar da na karɓo daga bugu jiya ta fara zuba, ta rina farin gemun Kawu da shuɗi, don shi ke zaune a ƙarƙashina. Yaron mota bai ce uffan ba. Robarsa kawai yake naɗewa a hannu yana kallona.

A Riruwai, garin da aka sani da kuza, an ɗaura aure liman na rawar sanyi. Direba ya kai mota wurin mai walda, ya ce a liƙe murfin ta ko'ina, har jan hannun. Da aka zo biyan kuɗi na kafa hujja cewa ni buɗewa na yi bisa ƙa'ida, wanda ya murɗa ja shi ya yi ɓarna. Kawu ya shafa shuɗin gemunsa, ya yanke hukunci: ƙanen amarya baƙo ne, ba a cin baƙo tara.

Washegari rana ta buɗe ƙwal, mota a toshe ruf. Na leƙa na ga yadda dangi ke dubana tun ba a tashi ba, sai na ce ina da uzuri a Tudun Wada, na bi motar masara.