Alhaji, Wannan Ba Naka Ba Ne

Ƙanin matata ne ya jawo mini. Mutum ne da saƙon WhatsApp ba ya kwana a wayarsa. Yana shigowa zai raba wa dangi kaf, har da waɗanda ba sa ga maciji da shi. Ana jibi zan tafi ɗaurin aure Kafanchan ya turo mini dogon jerin lambobi masu farawa da harafin E, wai wani likita ne a Turai ya bankaɗo cewa duk abincin leda da ka ga ɗayansu a jikinsa, da kitsen alade aka yi shi. A ƙasa an gargaɗi wanda ya karanta bai tura ba cewa alhakin al'umma na wuyansa. Ni ban tura ba. Na dai zauna na kwafe lambobin tsaf a bayan katin gayyata, domin batirin wayata ba abin dogaro ba ne.

Ranar tafiya uwargida ta ce in tsaya ta dama mini koko. Na ce mata namiji ba ya rasa abin ci a tasha.

Na haye gada na nufi Sabon Tasha, inda ake shiga motocin Kachia da Zonkwa da Kafanchan. Duk ɗan Kaduna ya san abin da kogin nan ya zama tun rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002: Musulmi da yawa suka tattara suka koma arewa, Kirista suka koma kudu, mutum ya bar gidan da ya gina da guminsa. Yaran da aka haifa bayan nan har sun fara aure, wasunsu ba su taɓa cin tuwo a ɗaya tsallaken ba. Ni da na tashi ana kawo mana shinkafar Kirsimeti muna aika naman layya, sai ga ni na sauka daga Keke Napep da kati a aljihu, ina kallon kowane faranti ta wutsiyar ido.

Kamasho ya rantse saura mutum ɗaya mota ta tashi. Ina biya, rabin fasinjojin suka sulale, ashe 'yan ɗumama kujera ne. Waɗanda suka rage su ne matafiya na gaskiya: a damata wani dattijo mai rawani da gafaka a cinya, a haguna tsohuwar nas da ta yi ritaya, za ta sauka Zonkwa, kowa Mama yake ce mata, a baya kuma wani ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan, ya toshe kunnuwa da waya.

Hantsi ya dubi ludayi, ciki ya fara kiran ciroma. Na yafito wata yarinya mai talla, na ɗauki Gala. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa naman sa ne a ciki. Kamfanin UAC ke yin ta tun 1962, wato ta girme ni, kuma babu cunkoson mota a Najeriya da ba a ci ta ba. Amma mai neman tsantseni ba ya duba shekaru.

"Yarinya, wa ya yanka san?"

"Alhaji, ni ban je wurin ba. Amma ga lambar NAFDAC."

Na yi mata bayani, kyauta, cewa an kafa NAFDAC a 1993 ne don ta tabbatar abinci da magani ba za su cutar da mutum ba. Ba aikinta ba ne ta bi mahauci ta ji ko ya yi bisimilla. Ta saurara har na gama, sannan ta ce na riga na matse ledar, sai na biya. Na biya. Na juya wajen dattijon.

"Allah gafarta Malam, wannan ina jin akwai shubuha a ciki."

"To, to. Miƙo ta nan, ɗana, kada ta cutar da kai."

Ya yi bisimilla ya ɓare.

Na sayi biskit. E471, tana cikin katina. Na miƙa dama. Na sayi wani mai madara a tsakiya: E322, E500. Na miƙa dama. Kafin a jima labari ya zaga tashar cewa ga wani Alhaji yana saye ba ya ci, 'yan talla suka yanyame tagar. Malam bai ce uffan ba, sai kakkaɓe gemu.

Ɗalibin ne ya kasa haƙuri, ya cire wayar kunnensa. "Baba, mu ga katin nan." (Wannan "Baba" ta fi yunwar yi mini ciwo.) Ya bi lambobin da yatsa yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce E ɗin ba komai ba ce illa alamar tsarin Turai na bai wa sinadaran abinci lamba, don kada kowace ƙasa ta kira abu da sunanta. E100 da ke saman jerina gangamau ne, wanda mata ke zubawa a shinkafa. E300 bitamin C. E330 tsamin da ke cikin lemo. E500 bakin soda. E322 yawanci daga waken suya ake tatso shi. Na nuna masa wata E414 da na gani a ledar alewa, na ce wannan fa, ko daga jin ta ka san ba ta da gaskiya.

"Ƙaro ne, Baba. Daga Borno da Yobe da Jigawa ake kwasar shi a kai Turai."

Malam ya ɗago. "Ƙaron tawada? Ashe tun ina almajiri nake shan E ban sani ba."

Motar ta kwashe da dariya, har da direban da ba a san yana sauraro ba. Amma ban ba da kai ba, kuma ina da hujja. Na ce to E471 fa? Nan yaron ya ɗan sassauta. Ya ce ita wannan daga mai ake yin ta, galibi manja ko man waken suya, amma ana iya yin ta da kitsen dabba, kuma lambar ba ta faɗa maka wanne ne. Sai in an rubuta na tsiro ne, ko ka ga tambarin halal. Na gyara zama. Na ce a farkon 2001 a Indunisiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, majalisar malamai ta gano an yi amfani da wani sinadari daga alade wajen sarrafa farin magi na Ajinomoto, aka janye shi daga kasuwa, har aka kama manyan ma'aikata. Na ce a 2014 a Maleshiya an janye cakulan Cadbury iri biyu kan zargin burbushin alade. Yaron ya ce haka ne, amma in ƙarasa: da hukumar addinin ƙasar ta sake gwaji ba ta samu komai ba. Yaran zamani ba su san inda ya kamata labari ya tsaya ba.

Sai Allah ya kawo mini wata jar alewa mai E120. Ɗalibin da bakinsa ya ce wannan daga jikin wasu ƙananan ƙwari ake samun ta, a busar da su a daka. Na ɗaga ta sama don kowa ya shaida.

"Ɗana," in ji Malam, "kai ba ka cin fara da yaji?"

Ya ce malamai sun saɓa a kan ƙwari, Hanafawa sun tsananta, mu Malikawa muna da sauƙi. Ya ce asalin abinci halal ne har sai haramcinsa ya tabbata, kuma Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin ma'abota littafi. Ya kawo labarin da ke cikin Muwaɗɗa, ranar da Sayyidina Umar da Amru ɗan Asi suka iso wani tafki, Amru ya tambayi mai tafkin ko namun daji na sha a ciki, Umar ya hana mutumin ba da amsa. Duk wannan karatu da alewata a kuncinsa ya yi shi.

Na ce bari in miƙe ƙafa. A tsallaken titi akwai irin gidajen abincin nan na zamani, masu gilashi da kaza da dankali da shawarma. Na isa kanta na tambayi budurwar da ke wurin wa ke yanka musu kaji. Ba ta yi mamaki ba, da alama ba ni ne farko ba. Ta leƙa baya ta ƙwala kira, sai ga wani ƙato ya fito da bokitin figaggun kaji, goshinsa da tabon salla wanda ya ninka nawa.

"Malam, lafiya? An ce kana neman mai yanka."

Na ce tambaya ce kawai. Ya ce shi Bazazzagi ne, tun kafin rikici yake yankan kaji a kasuwar unguwar, kuma bai fasa zuwa ba. Ya tambaye ni masallacin da nake Juma'a, ya tambaye ni sharuɗɗan yanka, na kawo biyu na tsaya ina tari. Don in rama, na nuna sosej ɗin da ake cusawa a shawarma. Ya ce wannan kam ba shi ya yanka ba, daga kwali take fitowa, in ina kokwanto in ce a cire, ko in ci kaza. Magana ta gaskiya. Na ɗaga kai na dubi allon farashi, na ga kuɗin cinya ɗaya, nan take shubuhar ta dawo sabuwa. Na yi musu sallama.

A hanyar komawa ne ƙamshin ya tare ni. Wata rumfa ce a lungu, benci biyu, tukunya a kan murhu tana tafasa, farfesu ya ji citta da masoro. Babu leda, babu kwali, babu harafin E ko ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, ga abinci irin na iyaye da kakanni. Na zauna, na naɗe hannun riga, na wanke hannu, na ce a zuba mini yanka uku da romo.

Matar ta dubi hulata, ta dubi carbin da ke hannuna, ta rufe tukunyarta.

"Alhaji, tashi. Wannan ba naka ba ne."

Na ce kuɗi zan biya, ba roƙo na zo ba.

"Na sani. Daga Katsit ya zo."

Mutanen da ke kan ɗaya bencin suka ajiye cokula don su yi dariya da kyau. Katsit, ga wanda bai sani ba, tana gab da Kafanchan, kuma a nan kasuwar aladu take, wadda ake lodi daga cikinta zuwa kudancin ƙasar nan. Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce kada in goge hannu da tsumman wurin, ta aiki ɗanta ya kawo mini ruwan leda, ta nuna mini bayan tasha inda wani Bakatsine ke tsire, ta ce can ne nawa. Na doshi wurin ke nan na ji hon, na hango motarmu ta fara gangarawa titi, kamasho na ɗaga mini hannu. Babbar riga ba a yi ta don gudu ba.

Ban faɗa wa kowa ba, amma yaron matar ya riga ni isa tagar. Har muka wuce matatar mai ana maimaita labarin. Mama ce ta tsawatar. Ta ce a gidansu a Zonkwa, tun tana yarinya, ranar Kirsimeti Bahaushe ake kira ya yanka akuya don maƙwabta su iya ci, kuma akwai tukunyar da ba a taɓa dafa wancan naman a cikinta ba saboda baƙi. Ta ce mace mai sana'a ba za ta ciyar da mutum abin da addininsa ya hana don naira ɗari biyar ba. Ta ciro ayaba daga jakarta ta ba ni. Ɗalibin ya ce in duba bayanta tukuna.

Ayaba ɗaya ba ta kashe wutar da ta kama tun safe. Muna wuce Kujama olsa ta motsa, a Kasuwan Magani na fara gumi, kafin Kachia na naɗe ina salati. Direba ya tsaya gaban wani kemis, na shiga a dudduƙe, aka ba ni kafso, na afa biyu na kora da ruwa. Na dawo mota na jingina, sanyi ya fara sauka.

Mama ta bari sai da na yi hamdala.

"Alhaji, wannan ka karanta bayansa?"

Ta ce shekara da shekaru tana ba marasa lafiya kafso, kuma ɓawonsa galibi jelatin ne, wanda ake dafowa daga fata da ƙashin dabba, wani na shanu, wani na alade, kuma kwalin magani bai cika faɗa ba. Shi ne dai abin da ke sa wasu alewoyi su yi danƙo. Shi ya sa kamfanin Haribo ke yin na Musulmi daban a Turkiyya da jelatin na shanu. Abin da na yini ina gudu a leda, na biya kuɗi na haɗiye shi ba tare da taunawa ba.

Na dubi taga, na dubi yatsana, ina lissafin ko zai kai maƙogwaro. Malam ya riƙe mini hannu. Ya ce na farko magani larura ce. Na biyu ban san daga wace dabba ba ne. Na uku, abu idan ya sauya ya zama wani abu daban hukuncinsa na sauyawa, shi ya sa giyar da ta koma khal da kanta ta halatta. Wannan maganar ce wani taron malamai da likitoci ya tsaya a kai a Kuwait a 1995 game da jelatin, kodayake hukumomin halal na Maleshiya da Indunisiya ba su karɓi na alade ba. Na ce to ni ra'ayin Maleshiya nake bi. Ya ce madalla, sai in bari mu isa Kafanchan in shiga motar can.

Mun iso an shafa fatiha tun tuni, masu kujeru na lodi. Malam ya sauko a hankali, ya rataya gafakarsa, ya zazzage ɓurɓushin biskit daga rigarsa, ya yi mini addu'a doguwa. Har ya juya, sai ya dawo.

"Ɗana, gobe da ƙarfe nawa za ka koma? Mu haɗa mota. Amma in za ka sayi na shubuhar, ka nemi mai madarar nan. Mai taurin yana wahalar mini da haƙori."